Shayin Anti Dawo-gobe

A ofishinmu ba mai kiranta da sunan yanka. Anti Dawo-gobe kowa ya sani, har mai gadi. Ita ce sakatariyar Manaja a kamfanin raba magunguna inda nake aiki, teburina yana kallon nata, ina fama da injin hoton takardu. Duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Aikinta a taƙaice shi ne cewa a'a. Ba tata ba, ta Manaja. Shi mutum ne da ba ya son kowa ya ga baƙinsa, ga Turanci ya zauna masa a baki. In an kai masa buƙatar wani, sai ya ɗaga wayar tebur, ya jefo mata kalma ɗaya ta Turanci, ya kife. Ita za ta san yadda za ta yi da bawan Allahn da ke kan benci yana murza hannu.

Makon da na fara aiki ta zaunar da ni ta yi mini karatu.

"Ƙanwata, ke a ganinki a'a ɗaya ce ko? To a Turancin Yallaɓai kala-kala ce. Akwai ta kafewa, ba zai yi ba ko sama da ƙasa za su haɗu. Akwai ta watsi, an duba abin da ka kawo bai yi ba, kwashi kayanka. Akwai ta hanawa, haƙƙinka ne amma an danne. Sai kuma mai ladabi, mai 'mun gode ƙwarai'. Ita ce muguwar."

Ukun farko a tsaye take sallamarsu, ta buga wa mutum amsarsa a takarda, ya fita yana ƙunƙuni. Amma mai ladabin hidima gare ta. A ba ka kujera mai laushi, a jona butar lantarki, a kawo maka shayi a wani kofi mai bakin zinare, sannan ta yi murmushi ta ce, "Ana dubawa, a dawo gobe."

Na ce, "Anti, wannan ai karamci ne. Ina muguntar?"

"Wanda aka kora a rubuce yana da abin da zai kai babban ofishi ya yi kuka. Wanda ya sha shayi me zai kai? Ya ce an ba shi shayi?"

Abin haushin, ita ta ƙirƙiro shayin. Tana sabuwar ɗauka, tausayin tsofaffin direbobi masu neman ƙarin girma ya hana ta sallamarsu baki bushe. Manaja ya ga dabarar ta yi masa, ya rungume ta. Daga baya ma ya daina wahalar da Turancinsa, sai dai ya ɗaga waya ya ce, "Shayi."

Ita kuwa rayuwarta a rabe take biyu. An yi wa mijinta canjin aiki zuwa wani gari mai nisa, ya tafi da yaran saboda makaranta, ƙanwarsa na taya shi riƙonsu. Anti ta kama ɗaki ɗaya a bayan shagon mai walda, katifa da risho da akwati, sai ƙarshen wata ta hau mota ta je ta gan su. Ajiye aikin ba ya yiwuwa, fansho ya kusa, karatun yaran kuma a kan albashinta yake tafiya.

Wata Litinin ta dawo idanunta jawur. Na matsa mata, ta ce autarta ce ta faɗi a tsakar gida ta fasa gwiwa.

"Na buɗe hannu, ƙanwata. Ta wuce ni a guje ta faɗa jikin gwaggonta."

Kamfaninmu yana da reshe a garin da mijinta yake, kuma sakatariyarsu ta yi ritaya, kujerar na nan ba kowa. Sa hannun Manaja kawai ake buƙata a mayar da Anti can. Na sa ta gaba kullum kan ta shiga ta nemi canjin, na hana ta sakat. Wallahi takaici take ba ni. Matar da ta sallami rabin gari, a ce ta kasa taka ƙofar da take gadi?

Ranar da ta yarda za ta shiga, ta tsaya gaban teburina tana gyara ɗankwali.

"Ki taya ni addu'a ya yi watsi da ni. In ya ƙi a rubuce, na san inda zan kai."

Ta bar ƙofar a ɗan buɗe, ni kuma na kashe injina na kasa kunne. Ta yi bayani tiryan-tiryan. Da ta gama sai na ji Manaja ya ce, "Haba Anti! Zauna mana, zauna."

Na leƙa, na ga ta zauna. Tun da nake ban taɓa ganin ta zauna a kujerar baƙin Manaja ba.

Ya shiga yabonta. Ofishin nan in ba ita ai ya rushe, shi kansa bai san inda fayil ɗaya yake ba, ya gode ƙwarai da ta fito ta faɗa masa damuwarta. Na hango shi ya kai hannu kan waya, sai ya tuna ba mai ɗauka a ɗaya ɓangaren. Ya yi dariya.

"Anti, ɗan haɗo mana shayi mu tattauna."

Ta fito, ba ta kalle ni ba, ta jona buta. Na taso na tsaya a bayanta, raina na tafasa.

"Anti, don Allah kada ki sha. Koma ki ce ya ba ki a rubuce."

Ta ɗauko kofi mai bakin zinare ta goge shi da kyau, ciki da waje.

"Wa zai buga takardar? Ni ce fa. Kuma sai ya ce in buga."

Ta zuba sukari yadda take zuba wa kowa, ta ɗauki faranti ta shiga, ta ja ƙofar da ƙafa.

Da ta fito ta wanke kofin, ta mayar da shi mazauninsa, ta zauna ta jawo fayil. Na daure, na daure, na kasa.

"Me ya ce?"

"Ana dubawa," ta ce. "In dawo gobe."

Ta kuwa dawo. Ita ce ma ke buɗe ofishin.