Labaran Mai Makulli da Fina-finan Ɓarayi

A Hayin Banki, idan makullin mutum ya ɓace ko kwaɗo ya ƙi buɗuwa, wurin Labaran ake zuwa. Rumfarsa tana bakin titin da ya nufi Kawo: tebur ɗaya, magagari uku, da makullai rataye a jikin waya. Bazazzagi ne, ɗan maƙera. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya yi shekara shida yana koyon gyaran akwatunan ƙarfe na ajiyar kuɗi, waɗanda ake kira sef, kafin ya tsaya da ƙafarsa. Ba ya shan taba, ba ya caca, salla ba ta wuce shi. Abu ɗaya mutane suka riƙe a kansa, shi ne silima.

Ba kowane fim yake kallo ba. Na Indiya ya bar wa masu son waƙa, na 'yan Cana kuwa ya ce duka ne kawai babu tunani. Nasa shi ne fim ɗin ɓarayi, irin wanda mutum huɗu ko biyar za su zauna su tsara yadda za su shiga inda ba a shiga. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, amma bai damu ba. Hannun mutane yake kallo, ba bakinsu ba.

Akwai wani tsohon fim na Turawa, marar launi, da aka dawo da shi a 1974. Sau bakwai Labaran ya kalle shi. A ciki, ɓarayin sun shiga ofishin wani kamfanin jiragen ruwa da tsakar rana a matsayin masu fenti. Babbansu dattijo ne mai rawar hannu, sai ya tsoma yatsunsa a ruwan ɗumi kafin ya taɓa sef. Wannan wurin ne Labaran ba ya gajiya da ba da labarinsa a rumfa.

"Ku duba, bai doki ƙarfen ba ko sau ɗaya," in ji shi. "Wanda ya shirya fim ɗin nan ya zauna da mai sana'a. Waɗanda ke fasa sef da nakiya ragwaye ne, su da masu shirya fim ɗin nasu."

In aka ce masa ai yabon ɓarayi yake yi, sai ya ce, "Wane yabo? Ka taɓa ganin sun ci abin da suka sata? Aikin yana tafiya daidai, sai halin mutum ya ɓata shi. Wannan ya kasa riƙe bakinsa, wancan ya ga rabonsa ya yi kaɗan. Abin da nake zuwa gani ke nan."

Lokacin ba na irin wannan zance ba ne. Bayan yaƙin basasa fashi ya yi yawa, har ana ɗaure 'yan fashi a jikin durom ana harbewa a bainar jama'a. Matarsa Hansai ta sha ce masa, "Malam, ka kalli abinka ka yi shiru mana." Bai ji ba.

Da damina ta wannan shekarar aka wayi gari an kwashe kuɗin da ke cikin sef ɗin wani kamfanin sayar da kayan mota a unguwar Doka. Wata biyu kafin nan Labaran ne ya gyara shi. Manajan kamfanin bai yi wata-wata ba ya ce wa 'yan sanda kowa ya san mai makullin nan da ke koyar da sata a bakin titi. Da hantsi aka zo aka tafi da shi, maƙwabta suna kallo.

Kwana biyu ya yi a caji ofis. Mai binciken, wani Saje Maliki, ya yi ta juya masa tambaya ɗaya: sau nawa ya kalli fim ɗin, kuma don me.

"Sau bakwai, ranka ya daɗe. Da ba ku kawo ni nan ba da jiya na yi na takwas."

"Kana wasa da ni ne?"

"Ba wasa nake ba. Ka kai ni in ga sef ɗin. In aikina ne, ni da bakina zan faɗa maka."

Saje ya sa aka fito da mota. A ofishin kamfanin Labaran ya durƙusa gaban sef ɗin, ya ƙi taɓa shi, ya ce a haska masa tocila. Ya nuna wa Saje kusoshi huɗu da ya ɗaure da hannunsa, man da ya shafa musu yana nan ƙura ta hau kansa. Ya nuna masa bakin ramin makullin, babu ko ƙwarzane.

"Ba a fasa shi ba, ba a kuma yi masa dabara ba. Da makullinsa aka buɗe shi. Makullai biyu ne da shi, ba su taɓa kwana a hannuna ba, a gaban manaja na yi aikina na tafi. A fim ɗin da kuke zagina a kansa, abin da ake fara tambaya shi ne wa ke ciki. Ku kun fara da wanda ke waje."

Manaja ya fara faɗa, Saje ya ɗaga masa hannu. Kafin mako ya ƙare aka gano makulli na biyu yana hannun ƙanen matar manajan, wanda ke kula da sito.

Yayan Labaran, Malam Inuwa, akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, shi ya tsaya masa aka sake shi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kira shi gidansa, ya zaunar da shi a zaure.

"Allah ya wanke ka. Yanzu abu ɗaya nake so, ka yi mini alkawari ka bar zuwa silima. A ofis har nuna ni ake yi."

"Yaya, ban taɓa musa maka ba, amma wannan ba zan yi ba."

"Saboda hoton ɓarayi za ka ƙi maganata?"

"In na daina yau, kowa zai ce da ma akwai abin da nake ɓoyewa, tsoro ne ya sa na tuba. Ban yi laifin da zan tuba a kansa ba. Wanda ya kwashe sef ɗin nan ko ƙofar silima bai sani ba, na tambaya."

Malam Inuwa ya tashi ya shige gida bai sallame shi ba.

Washegari da la'asar Labaran ya rufe rumfa da wuri, ya sa babbar rigarsa ta zuwa Idi, ya hau kekensa. Bai bi ta lungu ba. Ta gaban majalisar dattawan unguwa ya bi, ya tsaya ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Da ɗayansu ya tambaye shi ina zuwa haka, ya ce, "Silima, Baba. An kawo sabo, na ɓarayin jirgin ƙasa."

Abin ya taɓa shi, ba za a ce bai taɓa shi ba. Ofisoshi uku suka daina kiransa, biyu daga ciki ba su sake ba har abada. Wasu maƙwabta suka riƙa kai kwaɗunansu har unguwar Kinkinau. Watanni suka yi shi da Hansai suna cin tuwo da miyar da babu nama, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Malam Inuwa ya yi kusan shekara ba ya taka gidansu, sai da Hansai ta haihu ya zo suna, ya yi wa jaririyar addu'a, ba a ta da zancen ba.

Aikin da ya rasa a ofisoshi, wani ɓangarensa ya dawo ta inda bai zata ba. Saje Maliki ya riƙa aiko masa duk kwaɗon da aka samu a wurin sata, ya duba ya faɗi yadda aka buɗe shi. Sau biyu ya tsaya a kotu ya ba da shaida. A ta biyun, a 1978, maganarsa ce ta fitar da wani maigadi mai suna Gambo da ya yi wata huɗu a tsare. Gambo ya zo har rumfa da zakara a hannu don godiya. Labaran ya karɓa, ya aika wa Hansai da shi gida, sannan ya jawo wa baƙonsa benci ya zauna, shi kuma ya ci gaba da goga makullin da ke gabansa.