Raƙuman Dawa da Idon Baba

Shekarar da idon Baba ya fara tafiya, ya ce abu ɗaya yake so ya sake gani kafin duhu ya rufe shi: raƙumin dawa. Zamanin da yake fataucin albasa ya taɓa hango su a dajin Nijar, gaba da Dosso. Amma a wannan shekarar, da rana kaɗai yake gani, yamma na yi sai inuwa.

Na ari mota muka bar Bagudo da sassafe. A tunanina kafin la'asar muna can.

Ashe na manta wanda na ɗauko. A Kamba ya ce in tsaya, akwai gidan da aka yi rasuwa bara bai je ta'aziyya ba. Aka shimfiɗa tabarma, aka yi addu'a, aka dama fura. Muna ƙetara iyaka, a Gaya, wani tsohon abokin fataucinsa ya rantse ba za mu wuce ba sai mun ci kifi. Kifin kuwa yana kogi tukuna.

"Baba, rana fa tana tafiya," na ce.

"Kai dai ka cika gaggawa. In wuce ƙofar mutum ban gaishe shi ba, don dabba?"

Wallahi raina ya ɓaci, amma wa zan yi wa faɗa? Na zauna ina cizon yatsa, su kuma suna ta tuna waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Daga nan na taka mota iya ƙarfinta. Ƙasa ta buɗe, jan yashi da sabara har ƙarshen gani, ban ko kalla ba. Kafin mai rakiyar da muka ɗauka a wani ƙauye ya kai mu wurin raƙuman, rana ta faɗi. Ga su kuwa tsaye, uwa da ɗanta, suna cin ganyen ƙaya hankalinsu kwance.

Na kama kafaɗarsa na juya shi. "Ga su nan, Baba."

Ya daɗe yana ƙanƙance ido, sannan ya nuna da sandarsa. "Wancan dogon?"

Busasshen itace ne. Na faɗa masa gaskiya.

Muka kwana a ƙauyen. Da safe muka yi ta yawo har azahar, sawu kawai muka tarar. Baba ya durƙusa ya shafa sawun da tafin hannunsa, ya ce in kai shi gida.