Ranar da Baba Mode Ya Ƙi Buɗe Agogon Babana

Ranar Talata, 12 ga watan Agusta, 2025, ina gonarmu ta hanyar Dabai ina cire ciyawa a cikin dawa, Kamalu ya kira ni a waya. Ko gaisuwa bai yi ba, ya ce, "Sila, Baba ya cika." Haka na ji labarin rasuwar mahaifinsa, Malam Mode mai gyaran agogo, wanda duk mai bin kasuwar Zuru ya san teburinsa mai gilashi a gindin darbejiya. Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. An yi jana'iza bayan la'asar. Ni Kirista ne, saboda haka na tsaya gefe har aka idar da salla, sannan na bi sahu zuwa maƙabarta.

Baba Mode, karatuna a aji shida na firamare ya tsaya, ban iya jera yabo ba. Wasu za su faɗi yadda kake gyara wa tsofaffi agogon bango ka kai musu har gida, da yadda ake tambayarka ƙarfe nawa ka amsa ba ka ɗaga kai ba. Ni abu guda ka yi mini, shi zan faɗa, don in ban da shi da yau ba ni da bakin magana a gidanmu.

Babana tsohon soja ne. A Laberiya ya goyi wani hafsa da aka harba, ya fitar da shi daga cikin wuta, hafsan ya cire agogon hannunsa ya ba shi. Agogo ne ɗan ƙasar Suwizalan, mai nauyi, ba ya aiki da batir, motsin hannu ke tafiyar da shi. Babana bai taɓa yarda wani mai gyara ya taɓa shi ba sai kai. Da ciwo ya kwantar da shi wata goma sha ɗaya, ni ne a gida, ni nake juya shi, ni nake masa wanka. Hannunsa ya rame har agogon yana zamewa, sai ya sa na cire. Kowace safiya ina murza masa kai don kada ya tsaya, in ajiye shi kusa da gado inda zai gani.

Bara, bayan mun binne shi da kwana huɗu, yayana Aaron da ke aiki a Kaduna ya ɗauki agogon a gaban dattawan gida. Ya ɗora shi kusa da wayarsa, ya daidaita su. Washegari ya sake haɗa su, agogon ya wuce waya da minti huɗu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce agogo mai irin wannan daraja ba ya ƙarya, ko na roba da ake sayarwa a faranti ya fi wannan riƙe lokaci. Ya ce ko dai an musanya na Baba da jabu, ko an kwashe kayan cikinsa, kuma mutum ɗaya ne ke shiga ɗakin nan. Dattawa suka sa ranar Asabar za a zauna. Aaron ya ce in ta tabbata, in nemi wani gida.

Babu wanda ya kira ni ɓarawo. Amma Mama ta daina aiko ni ɗakinta, kuma in na shigo zaure hira takan mutu.

Ranar Laraba na saci jiki na kawo maka agogon. Na ji ana cewa akwai wani ɗan ƙarfe a ciki da ake turawa, agogo ya rage gudu. Na roƙe ka ka buɗe ka tura shi, ya yi daidai da waya kafin Asabar, magana ta mutu. Ka maƙala ɗan gilashinka na duba agogo a ido ɗaya, ka juya agogon, ka daɗe kana duban bayansa wajen da maɗauri ya kama. Ka kara shi a kunne. Sannan ka miƙo mini.

Ka ce, "Ba ni buɗe agogon ga."

Na ce, "Baba, korata za a yi."

Ka ce, "Na jiya. Mai da shi inda ka ɗauko, kada kowa shi taɓa bayan agogon ga. Ran Asabar ina nan tafe."

Ban ɓoye maka ba ko a lokacin, na tashi ina jin haushinka. A hanya na tsaya gaban wani mai gyaran waya da ke da ƙananan sukudireba, ya ce minti biyar ya ishe shi. Na riƙe agogon a aljihu, ban fito da shi ba. Abin da ya hana ni, na tuna babana bai taɓa ba kowa shi ba sai kai. Na wuce gida. Kwana ukun nan abinci bai yi mini ɗanɗano ba, kuma kowace safiya Aaron yana haɗa agogo da waya yana faɗin tazarar a tsakar gida.

Ranar Asabar ka iso da hantsi da 'yar jakarka. Ka gai da dattawa ɗaya bayan ɗaya, ka yi wa Mama gaisuwar rashi, ba ka ko dube ni ba. Ka ce a ba Aaron gilashin ido. Ka nuna masa wurin da murfin baya ya haɗu da jikin agogo, a lungun maɗauri, ka ce ya faɗi abin da ya gani. Ya ce wani ɗan ɗigo ne ja, ya dushe, datti ya hau shi.

Ka ce jan farce ne. Duk agogon da ka wanke ka rufe, kana ɗiga masa shi a bakin murfi, don in wani ya buɗe bayanka, ɗigon zai tsage. Wannan ka sa shi shekara shida da suka wuce. Ka tambayi Aaron, "Ya tsage?" Ya daɗe yana dubawa, yana matsawa wajen haske. Ya ce bai tsage ba. Mama ce ta yi magana daga bakin ƙofa, ta ce ta tuna, don marigayi ya dawo ran nan yana dariya wai Mode ya yi wa agogonsa kwalliyar amare.

A nan na gane da ka biya mini buƙata ranar Laraba, ko kuwa na ba mai gyaran wayar nan agogon, da da hannuna na fasa shaidata.

Aaron bai sauka ba. Ya ce to me ya sa yake gudu? Ka fito da tsohon kamfas irin na sojoji, mai allurar nuna arewa, ka aza a tabarma, ka matso da agogon. Allurar ta juya ta bi shi. Ka ce akwai wata siririyar waya a ciki, ta fi gashi laushi, ita ke auna bugun agogo, in maganaɗisu ya kama ta sai ta manne da kanta, agogo ya riƙa sauri. Sai a lokacin ka juyo gare ni ka ce, "Ina kaka aje shi?" Na ce a kan sifikar da Baba ke jin waƙoƙin coci. Aka ɗauko ta. Kamfas ya haukace tun ba a kawo ta kusa ba, saboda maganaɗisun da ke cikinta. Kowa ya san Aaron ne ya aiko da sifikar daga Kaduna, kuma da kyakkyawar niyya ya aiko ta.

Ka tafi da agogon, ka zare masa maganaɗisun da wata 'yar na'ura ba tare da ka buɗe ba, ka riƙe shi kwana biyar kana gwada shi da lokacin rediyo. Ka dawo ka ce yana ƙara sakan takwas a yini. Aaron ya ce tunda an zo nan, a buɗe a daidaita shi ya zama kamar waya. Ka ce ana yi, in agogo ya kai rabin minti a yini ko ya riƙa canja hali, yau sauri gobe nawa. Amma wanda ke ƙara takwas kullum ba fashi, lafiyarsa lau, kuma ba a yi wa mai lafiya fiɗa. Ka ce haka babanmu ya san shi, ya kuma ce a bar masa, soja gara ya riga fareti isa. A mayar da shi baya da minti ɗaya kowace Lahadi, shi ke nan.

Daga baya na tambaye ka me ya sa ba ka gaya mini zancen ɗigon ba tun Laraba, ka bar ni cikin wannan hali. Ka ce da na sani, da fuskata ta nuna, a ce baki muka haɗa. Ka ce ka san na iya haƙuri, wata goma sha ɗaya ka ga ina yi.

Aaron bai ce in yafe masa ba, ba halinsa ba ne. Ranar da zai koma Kaduna ya kira ni bakin mota, ya ɗaura mini agogon da hannunsa, ya ce ni na san lokacin murza shi. Da na gaya masa rasuwarka, ya ce in isar masa da gaisuwa.

Allah Ya jiƙanka, Baba Mode, Ya gafarta maka, Ya yalwata maka makwanci, Ya sa yadda ka rufa mini asiri a zauren gidanmu kai ma a rufa maka. Ina miƙa ta'aziyyata da ta Mama da ta Aaron ga iyalinka, Inna Asama'u, da Kamalu, da Hamdiyya, da Raudatu, da maƙwabtanka na kasuwa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya riƙa muku gida.

Ka ce mini baɗi in kawo agogon a wanke shi, lokacinsa ya yi. Jiya Lahadi na mayar da shi baya da minti ɗaya, na juya bayansa na duba. Ɗigonka yana nan, bai tsage ba.