Randar Kaka da Tsohuwar Kwamfutar Baba

A Abaji na tashi, a gidan kakata da ke jingine da wani tsauni. Kaka 'yar Gbagyi ce, ta yi shekara saba'in ba ta taɓa ɗora kaya a ka ba. A kafaɗa take ɗauka, don a wurinta kai ya riga ya ɗauki nasa nauyin. Da magariba ta wuce sai ta tura doya cikin garwashi, mu jikoki mu kewaye murhu, inuwarta ta hau bango ta yi tsawon da ya fi ta. Hausarta ba ta raba mace da namiji, amma ban taɓa jin muryar da ta kai tata daɗi ba.

"Ga ta nan ta sauko daga dutse," haka take buɗewa. Mu kuwa mu ce ta zauna, mun ba ta wuri.

Akwai tatsuniya ɗaya da nake roƙo kullum, ina roƙo ina jin tsoronta. Wai a wani gari akwai maginiyar tukwane da ke da randa a ƙuryar ɗaki. Duk wanda ya mutu a garin, muryarsa cikin randar take shiga, mai kewa ya zo ya kara kunne ya ji nasa. Da maginiyar ta rasu, tata muryar ma ta shiga. Amma randa ta riga ta cika. Muryoyi suka cushe, ba a jin komai sai guna-guni kamar na ƙudan zuma. 'Yarta Talatu ta yi niyyar ƙara randa ta biyu. Tsofaffi suka gaya mata ƙa'ida: ta kashe wutar ɗakin, ta dafa ƙasa da tafin hannu kafin ta taɓa tsohuwar, sabuwar kuma ta zama daga ramin yumɓu ɗaya da tsohuwar. Talatu ta ƙosa ta ji uwarta. Ta sayo ta kasuwa mai ƙyalli, ta ɗauko a ka, ta dire. Sai wani abu ya yi kuka daga cikin randa, sau uku.

Nan nake yin barci. Ban san ko tsoro ke rufe min ido ba. Da safe in na tambayi ƙarshen, Kaka ta ce ba a yin tatsuniya da rana. Har ta rasu ban ji shi ba.

Shekaru suka wuce, ina aiki a Abuja, ina kwana a Mararaba. Da Baba ya rasu, na gaji tsohuwar kwamfutarsa ta kan tebur, mai ƙugi kamar injin markaɗe. A cikinta na tarar da bidiyon da ya ɗauka a wani hutu: murhunmu, Kaka, da ni ƙarama a jingine da cinyarta. Tatsuniyar randa ce. Na kunna. Daidai inda abu ya yi kuka sau uku, hoton ya daskare, bakin Kaka a buɗe, idonta a kaina. Na sake sau biyar, duk a wurin yake tsayawa. Ko kwafa a filas, 'yar ma'ajiyar da ake soka mata, ta ƙi. Na rufe ta da zane, na juya mata baya, amma ina jin kamar akwai mai jira a ɗakin.

Wata maƙwabciya ta ce ram, wani ɗan falle da ke cikin kwamfuta, shi ne ya yi mata kaɗan. Na sayo sabo fil a kwalinsa, na ɗauki akwatin kwamfutar zuwa shagon wani mai gyara, Iliya. Sai da na iso na lura a kafaɗa na ɗauko ta. Iliya dogo ne mai sanyin magana, yatsunsa sirara, irin wanda na sha karantawa a littattafai ban zaci yana zaune tsakanin matattun firinta ba. Ya duba abin da na sayo ya yi murmushi.

"Anti, wannan ai jikanta ne. Dubi tsagar bakinsa, ba zai shiga ba. Sai sa'arta."

Ya ce zai iya zare faifan ajiya ya kwashe min bidiyon a wata na'ura, na ce a'a, kada a fitar da komai daga cikinta. Ko da ya kai hannu ga tsohon ram ɗin don ya karanta jikinsa, sai na riƙe masa hannun riga, na ce kakata na ciki. Bai yi dariya ba. Ya ce wannan ba ya riƙe kowa, wurin shimfiɗa ne kawai, in ya yi kaɗan sai abubuwa su cushe. Ya daɗe yana tona wani kwali na tsofaffin kaya kafin ya fito da wani tsohon ram kore mai ƙura. Hadari ya haɗu a waje, shagon ya yi duhu. Ya zare waya daga bango. Ya dafa ƙarfen akwatin da tafin hannunsa, wai don wutar jikin mutum kada ta ƙona abin. Tsigar jikina ta tashi, domin ban ba shi labarin Talatu ba.

Ya saka, ya jona, ya kunna. Allo baƙi. Sai kwamfutar ta yi kuka, siriri, sau uku.

Iliya ya kashe ta, ya ce, "Ba fushi take ba. Cewa take ram ɗin bai zauna ba." Ya danna gefe da gefe har maƙallan suka ce ƙas.

Wannan karon bidiyon ya wuce wurin. Kaka ta ce kukan nan uwar ce ke cewa a gyara. Talatu ta koma ramin yumɓu, ta gina randa da hannunta, ta ɗauko a kafaɗa. Muryoyi suka sami wuri, na farko da ta ji shi ne sunanta. Sai Kaka ta dubi yarinyar da ke barci a cinyarta, wato ni Ladi, ta ɗago, ta kalli cikin kyamara.

"Wannan kullum barci yake yi. In ya girma zai zo nema. Ladi, kin zo? To kin ji. Tatsuniya ta koma dutse."

Iliya, wanda yau shi ne uban 'ya'yana, ya fita ya tsaya a bakin shago cikin yayyafi, ya bar ni da ita. Na daɗe ina zaton Kaka tsorata mu take yi da matattu. Ashe ba su take tsoro ba, gaggawar masu rai take tsoro. Kwamfutar tana ɗakinmu har yanzu. Duk sanda zan kunna wa yara, sai na dafa ƙarfenta tukuna, kuma ƙaramarsu tana yin barci daidai kuka na uku.