Ba Dije ce ta sha jinin Inna ba

Ina kasuwar Tanut yayana Sani ya kira ni daga Gangara: "Hadiza, sai haƙuri, Inna ta cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban gama share hawaye ba ya ƙara da cewa, "Kuma kowa ya san wadda ta ci ta." Nan baƙin cikina ya koma fushi, har yau bai sauka ba.

Mahaifiyarmu mai fura ce. Tun ina goye take sayen nono wajen Dije, Bafulatanar rugar bayan gari. Shekarar da shanun su Dije suka mutu, Inna ta riƙa auna mata gero, tana ce mana, "Wadda ta shayar da ku ba za ta kwana da yunwa ina da rumbu ba."

Da Inna ta fara ɗashewa, tana haki in ta ɗaga taɓarya, ni da Sani muka kai ta asibiti a Damagaram. Likita ya gwada jininta, ya zaunar da mu. Ya ce a ɓargo jini ke samuwa, kuma da tsufa wata ƙwayar jini kan sauya hali, ta yi ta haihuwar irinta har ta danne masu lafiya, kamar ƙuduji a gonar gero. Tsofaffi da yawa na yawo da ita lafiya lau, wasu ta taɓa musu zuciya, wasu ta zame musu cutar jini. Ta Inna ke nan. Ta yi dariya ta ce, "Ashe har jini tsufa yake? To, ai ya yi min aiki."

Sani, da kunnenka ka ji wannan bayani. Amma da Dije ta zo gaisuwa da ƙwaryarta, kana zaune matan gida suka tare ta a zaure, suna ce mata mayya. Yau ba mai sayen nononta a Gangara. Matar da ta riƙa ba Inna nono da ludayi sa'ad da tuwo ya ƙi wucewa! Ba ku ji kunya ba? Ranar sadakar bakwai da nonon Dije zan dama fura, wanda ba zai sha ba ya tashi.

Allah ya jiƙan Inna, ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta. Ya ba mu haƙurin rashinta, mu 'ya'yanta da jikokinta, da Dije, wadda ta yi kukanta a bayan danga.