Sau Huɗu Aka Buɗe Fayil Ɗina

Shekara tara na yi a ɗakin kati na wani asibiti mai zaman kansa a Birnin Kebbi kafin a kawo mana na'urar ajiya. Mu biyu ne a ɗakin, ni da wata 'yar Argungu da ta girme ni da shekara uku, wadda nake kira Yaya. Tebur ɗaya muke zama, kwano ɗaya muke ci da rana. Ita ta koya mini yadda ake jera kati, ita ta zauna da ni a ɗakin haihuwa lokacin da na haifi 'yata ta farko. 'Ya'yanta in an tashi makaranta gidana suke biyowa, su ci abinci, su jira ta.

Aikin takarda ya wahalar da mu ba kaɗan ba. Gara ta ci mana kantar katuna guda cur, wata damina kuma rufi ya yi yoyo, muka kwashe kwana uku muna shanya katuna a tsakar asibiti kamar masu shanya kuɓewa. Mutum zai zo tun daga Augie, ya ce ya yar da ɗan katinsa a gona, mu yi ta bincike har azahar, a ƙarshe a buɗe masa sabo, likita ya fara daga farko kamar bai taɓa ganinsa ba.

Saboda haka da aka ce za a kawo na'ura, ni ce na fi kowa murna. An ware mata ɗan ɗaki a bayan ɗakin magani, an sa mata esi, alhali mu fanka ɗaya gare mu mai ƙara. Wanda aka ɗauka ya kula da ita wani Kirista ne ɗan Filato, yana zaune a unguwar Gesse da iyalinsa, kowa Injiniya yake ce masa. Mutum ne mai haƙuri da tambaya. Ya bayyana mana cewa duk abin da muka rubuta a kwamfuta yana shiga na'urar, ita kuma tana aika kwafinsa zuwa wata irinta a reshen asibitinmu na Argungu. In ta nan ta ƙone, ta can tana nan. Abin da aka rubuta a can ma, muna ganinsa a nan.

Na ga amfanin haka da idona. An taɓa kawo wata mata daga gonar albasa, jiki ya yi zafi, ba ta iya magana, mijinta bai san ko da lambar katinta ba. Na buga sunanta da garinsu, sai ga fayil ɗinta daga Argungu, a samansa an rubuta da ja cewa akwai allurar da ta kusa kashe ta shekara biyu da suka wuce. Ita ce kuma allurar da ake shirin yi mata. Ranar na koma gida ina ba maigidana labari kamar ni na ƙera na'urar.

Tana da nata halin. In wuta ta ɗauke, batura suka yi sanyi, injin wuta bai tashi da wuri ba, asibiti gaba ɗaya sai ya tsaya cik, marasa lafiya a jere, likitoci sun naɗe hannu, domin babu sauran takardar da za a ɗauko. In sabis ya yanke tsakaninmu da Argungu, sai a wuni ana jira. Amma duk wannan ban ɗauke shi komai ba.

A shekara ta biyu da kawo ta na fara jin kasala da ba ta tafiya. Ban so 'yan ɗakin gwajinmu su ɗibi jinina ba, don kullum muna tare, sai na ce wa Yaya zan je Argungu duba gwaggona, na shiga mota na tafi reshenmu na can. Na san fayil ɗin zai iso Birnin Kebbi. Amma na ce a raina, cikin dubban sunaye wa zai tsaya neman nawa?

Likitan can, wani dattijo mai sanyin magana, ya zaunar da ni ya ce ciwon hanta ne, irin wanda mutum kan daɗe da shi bai sani ba. Ya ce ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko shan ruwa a kofi ɗaya, ya ce in kawo maigidana da yara a gwada su a yi musu rigakafi. Na roƙe shi kada kowa ya ji. Ya ce, "Hajiya, wannan tsakanina da ke ne." Na gaya wa maigidana a ranar. Ban da shi ban gaya wa kowa ba, har mahaifiyata.

Ba a yi mako biyu ba Yaya ta fara azumin Litinin da Alhamis. Sauran ranaku kuma ta ce gyambon ciki ya dame ta, an hana ta yaji, za ta riƙa zuwa da nata abincin. Na tausaya mata, har na rage barkono a miyata ko za ta dawo. 'Ya'yanta suka daina biyowa, ta ce an sa su darasin yamma. Sai na ga an ajiye sabon kofi kusa da kular ruwa ta ma'aikata, tsohon kuma an bar shi a gefen teburina. A wurin sunan jaririn wata nas na ɗauki wuƙa zan taya yanka albasa, yayarta ta karɓe da sauri, tana cewa, "Haba, ki huta abinki." Duk ban haɗa su wuri ɗaya ba.

Tsohuwar da ke mana shara ce ta buɗe mini ido. Ta same ni ni kaɗai, ta dafa kafaɗata ta ce, "Sannu ɗiyata. Wanga ciwo na hanta, ƙanena ma ya yi shi, ga shi nan yana nomansa. Allah shi ba ki lafiya."

Da Yaya ta shigo na rufe ƙofa na faɗa jikinta ina kuka, na gaya mata komai, ciwon da kuma yadda maganar ta fita. Ta riƙe ni tana salati. Ta ce, "Mutanen reshen can ai ba su da ciki. Ni garinmu ne, na san su. Daga can ta fito."

Washegari na koma Argungu. Na shiga ofishin dattijon nan ko zama ban yi ba, na gaya masa maganganun da har yau in na tuna nake jin kunya. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Ban faɗa wa kowa ba, amma ba sai kin yarda da ni ba. Ki je wurin Injiniya. Na'urar tana rubuta sunan duk wanda ya buɗe fayil."

Shekara biyu ina aiki da ita, ban san haka ba. Ashe Injiniya ya faɗa tun ranar da ya ba mu lambobin sirri, ba wanda ya saurara.

Bai nuna mini nan take ba. Ya ce sai na rubuta wa manaja, an sa hannu. Bayan kwana biyu ya kira ni ɗakin na'urar, ya miƙo mini takarda ɗaya, ya kau da kai. Sunan likita sau biyu. Sunan mai gwaji sau ɗaya. Sai sunan Yaya, sau huɗu, na farko washegarin ranar da aka gwada ni.

Na ce, "Ko wani ne ya yi amfani da lambarta? Ai ana ara wa juna."

Ya ce, "Anti, ni ma na so haka ne. Duba nan." Ya nuna mini da biro. Kwamfutar teburinmu ce, kuma duka huɗun tsakanin ƙarfe biyu da biyu da kwata. Lokacin da nake fita sallar azahar ke nan, ita ta tsare ɗaki, in na dawo ta tafi.

Na koma ɗakin kati na ajiye takardar a gabanta. Ta daɗe tana kallo.

"Na ga kina ramewa," in ji ta. "Na tambaye ki sau nawa, kin ce ba komi. Ɗiyana gidanki suke ci. Mi kike so in yi?"

"Wa kika gaya wa?"

"Mutum guda. Babbar nas. Shawara na nema, wallahi, ba don ta yaɗa ba."

Gaskiya ne ta tambaye ni, kuma gaskiya ne na ɓoye mata. Da a nan ta tsaya, ina jin da na sami hanyar yafe mata. Amma na ce, "Ranar da na yi kuka a jikinki, kin riga kin sani. Kika tura ni na je na ci mutuncin dattijo a ofishinsa."

Ta ja mayafinta ta rufe fuska. Sai ga wani mutum a taga yana miƙo kati, na karɓa na buga masa lamba.

Manaja ya kira ni ya tambaye ni abin da nake so a yi mata. Na ce ban zo neman a kori kowa ba, kuma ba zan roƙa mata ba. Aka mayar da ita reshen Argungu. Bayan haka Injiniya ya gyara tsarin, mu 'yan ɗakin kati muna ganin suna da lamba da gari kawai, sakamakon gwaji sai likita. Ya ce tun farko ya kawo wannan shawara, aka ce za ta jinkirta aiki.

Na roƙe shi ya goge fayil ɗina gaba ɗaya. Ya ce ba shi da ikon haka, kuma ko ya goge a nan, yana can Argungu, yana kuma cikin kwafin da ake ɗauka duk mako a kulle. Ya ce, "Abin da aka saye ta ta yi ke nan, kada komai ya ɓace." Na je Argungu na ba likita haƙuri. Ya ce ya wuce, ya tambaye ni ko ina zuwa gwajin wata shida. Shi ne ma ya zo Birnin Kebbi ya tara ma'aikata ya yi musu bayanin yadda ake ɗaukar ciwon da yadda ba a ɗaukarsa, bai ambaci sunana ba, ko da yake kowa ya san da wa ake.

Bara mahaifiyar Yaya ta rasu. Maigidana ya ce ya kamata mu je, muka je. Gidan cike da mata, na sami gefen tabarma na zauna, aka yi addu'a. Da zan tashi ta biyo ni har zaure, ta kama hannuna da hannu biyu, ta ce, "Ki yafe mini." Na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ta saki hannuna a hankali. Ta gane ba amsar da ta nema ba ce.

A mota, mun wuce gonakin shinkafa kafin maigidana ya yi magana. Ya ce, "Kun shirya?"

Na ce, "Na yi mata gaisuwa."