Tururuwar da Ta Yi Saura

Ina shekara bakwai mahaifiyata ta rasu, aka ɗauko ni daga Rogo Ruma zuwa gidan Baffa, yayan mahaifina, a Kwanyawa. Gidan cike yake da yara, kowa da abokin cin tuwonsa, ni kaɗai nake rakuɓewa gefe. Wata rana na ji Baffa yana cewa nauyi ya yi yawa, gara a miƙa ni wajen wasu dangin.

Kakarmu, Inna Dije, ita ma ta ji. Bayan magariba muka kewaye murhunta muna ɓare gyaɗa kamar kullum, Baffa na alwala a kusa. Sai ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce ruwa ne ya ci gidan wasu tururuwa, su dubu biyu da ɗari huɗu da ɗaya, dole su haye rafi a kan ganyaye, kuma kowane ganye ya ɗauki daidai da ɗan'uwansa. Suka jeru bibbiyu, wata 'yar ƙarama ta yi saura. Suka yi uku-uku, ita ce dai. Huɗu, biyar, shida, kullum tana tsaye ita kaɗai a bakin ruwa.

"Sai babbansu ya ce a bar ta mana, ai ɗaya ce," in ji Inna, ta tsuke baki. "Wata tsohuwa ta ce, a'a, ranka ya daɗe, yarinyar nan ba ta da laifi, rabonku ne bai yi ba. A sake!"

Suka jeru bakwai-bakwai, ba wadda ta rage, duka suka haye.

Baffa ya ajiye butar alwalarsa. Can ya ce, "Inna, na ji." Ba a ƙara tayar da maganar ba.

Sai da na zama malamar lissafi na zauna na gwada lambar nan, ina zaton tsohuwa ta faɗi abin da ya zo bakinta ne. Ashe daidai take. Bakwai ce sau bakwai sau bakwai sau bakwai. Biyu ba ta raba ta, uku da biyar ma haka. A wajen mahaifinta, mai rabon gado, ta tsinci irin wannan hisabi, kuma har yau ina jinjina wa kaifin kanta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, in ka cire ɗayar nan, sauran sai su rabu biyu, uku, huɗu, biyar, shida, ba wata wahala. Barin ta a bakin rafi shi ne mafi sauƙi ga kowa. Inna ta san haka sarai, kuma ta ƙi yarda a bar ni.